Idan Gurbi Ya Ƙi Cika: Wane Taimako Ya Dace da Mai Warware Gicciyen Kalmomi?

A cikin hutun da ya gabata na ɗauki wata jaridar Faransanci mai fitowa kullum, na buɗe shafin da ake buga wasan nan da Faransawa ke kira mots croisés, wanda zan riƙa kira gicciyen kalmomi a cikin wannan maƙala. Ishara ta farko a kwance kalma ɗaya ce tak, Avions, kuma gurabenta 10. Ban yi wata-wata ba na rubuta AEROPLANES da bik, tun da harufanta 10 ne cif, kuma ta ƙare da S kamar yadda jam'i ya saba ƙarewa. Daga nan komai ya cije. Cikin kalmomi goma na tsaye da ya kamata su rataya a jikinta, ta ƙarshe ce kaɗai ta zauna daidai.

Mutum biyu suka kawo mini gudummawa. Na farko abokin karatuna ne, ya zaro wayarsa ya ce in ba shi minti ɗaya zai samo mini amsar a intanet. Na biyu wani malaminmu ne da ya leƙo ya ga abin da na rubuta. Na ce masa, "Malam, ko dai an yi kuskuren ɗab'i ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Kai ɗalibin kimiyyar harshe, wa ya gaya maka wannan kalma suna ce?" Ya wuce abinsa. Kafin ya kai ƙofa na gane cewa avions ɗin nan aikatau avoir ne a lokacin da ake kira imparfait, mutum na farko jam'i, kuma amsar ita ce POSSEDIONS, mai harufa 10 ita ma.

Dukansu biyu taimako suka nufa, amma abin da kowannensu ya miƙo daban ne. Da na karɓi na abokina da na cike gurabe goma, gobe kuma in sake faɗawa cikin ramin da na faɗa yau idan aka ce Couvent ko Président ko Portions, domin kowace daga cikinsu tana iya zama suna, tana kuma iya zama aikatau. Tambayar malam kuwa ta sauya yadda nake karanta kowace ishara tun daga ranar. Abin da nake so in bayyana a nan shi ne cewa cijewa a cikin wannan wasa iri biyu ce, kowace da maganinta, kuma galibin kayan aikin da ake bukata ɗalibin harshe ya riga ya same su a aji.

Ga wanda bai saba ba, wasan allo ne mai gurabe farare da rufaffu. Ana rubuta harafi ɗaya a kowane farin gurbi, kalmomi suna tafiya a kwance da a tsaye suna gicciyar juna, kowace kalma kuma tana da isharar da ke nuni gare ta. Wani ɗan jarida haifaffen Liverpool mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga irinsa na zamani a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya fitar da littafin farko na waɗannan wasanni haɗe da fensir, abin ya bazu har Turai. Jaridar The Times ta Landan ta soma nata a 1930. Ita kuwa New York Times, wadda ta daɗe tana yi wa wasan kallon ɓata lokaci, sai a 1942 ta karɓe shi a fitowarta ta Lahadi ƙarƙashin kulawar Margaret Farrar, sa'annan ya zama na kullum a 1950.

Inda wuyar take

Wasan New York Times shi ne ya fi dacewa da nazarinmu, saboda wuyarsa a tsare take bisa kwanakin mako. Na Litinin shi ne mafi sauƙi, ana ta hawa har zuwa na Asabar, wanda ya fi kowane tsauri. Allon Litinin da na Asabar girmansu ɗaya, gurabe 15 a kwance da 15 a tsaye. Na Lahadi ya fi faɗi, 21 da 21, amma bai kai na Asabar wuya ba. To, in girman ɗaya ne, me ya sa wanda ya gama na Litinin kafin shayinsa ya huce yake iya wuni a kan na Asabar? Gaskiya ne allon Asabar ya fi yawan dogayen kalmomi, amma babban bambancin yana cikin ishara. Kalma guda tana iya fitowa a ranakun biyu. Ranar Litinin a ba da ma'anarta kai tsaye kamar ta ƙamus, ranar Asabar a lulluɓe ta da harshen damo.

Sai dai mai ɗana wasan ba ya yin ƙarya, kuma a nan ne mai neman taimako ya kamata ya fara tsayawa. Akwai yarjejeniya tsakaninsa da mai warwarewa, wadda kusan dukanta nahawu ce. Ishara da amsa dole su kasance ajin kalma ɗaya, su kuma dace a adadi da lokaci, ta yadda za a iya cire ɗaya a cikin jimla a sa ɗayar ba tare da jimlar ta karye ba. In ishara jam'i ce, amsa jam'i ce. In tana cikin shuɗaɗɗen lokaci, haka amsar take. In an taƙaita wata kalma a cikin ishara, amsar ma taƙaitacciya ce. In an rufe ishara da alamar tambaya, ana gargaɗin cewa akwai wasa da kalma. A Faransanci ana ƙara jinsi a kan waɗannan, shi ya sa ishara mai siffar tamata take ba mai warwarewa harafin E na ƙarshe kyauta. Wannan gwajin musanya ne, wanda muke yi a darasin ginin jimla don gane ajin kalma.

Wanda ya karanta laccar Paul Grice kan ƙa'idar haɗin kai a zance, wadda aka buga a 1975, zai ga abin sha'awa a nan. Mai ɗana wasa yana riƙe da sharaɗin faɗin gaskiya gam, amma yana karya sharaɗin bayyana magana sarai da gangan, kuma mai warwarewa ya san da haka tun kafin ya zauna. Misalin da ya fi burge ni, kuma wanda mu masu Faransanci muke da rinjaye a kansa, shi ne ishara irin ta Nice summer mai gurabe 3. Ba'amurke zai karanta Nice a matsayin siffa mai nufin abu mai daɗi. Amma tun da kowace ishara da babban harafi take farawa, babu yadda za a bambanta siffar da sunan birnin Nice na kudancin Faransa, kuma amsar ita ce ETE. Ƙa'idar rubutu ce kawai aka mayar da ita maɓoya.

Ingilawa sun kai wannan dabara ƙarshe a cikin salon da jaridunsu suka shahara da shi, inda kowace ishara take da sassa biyu: ma'ana ta gaskiya a farko ko a ƙarshe, da kuma umarnin yadda za a gina kalmar daga harufa, ko ta hanyar hargitsa su, ko ɓoye kalma cikin wata, ko juya ta. Derrick Macnutt, wanda ya yi suna da laƙabin Ximenes, ya tsara ƙa'idojin adalcin wannan salo a cikin littafinsa na 1966. A wajensu kalmar flower ba lalle fure take nufi ba. Ana iya yanka ta zuwa flow da ɗafa-ƙeyar -er, ta zama abin da ke gudana, wato kogi. Haka number kan zama numb da -er, abin da ke kashe zafi a jiki. Ɗalibin da ya san ƙirar kalma zai gane wannan nan take: sake yanka ne, an sa iyakar ɗafi a inda harshe bai sa ta ba, ko da yake ƙa'ida ba ta hana ba.

Cijewa iri biyu

Wani lokaci mutum yana cijewa ne domin bai san abin ba, kuma ko ya kwana yana tunani ba zai sani ba. Wasannin Amurka cike suke da sunayen ƴan wasan ƙwallon sanda, da taurarin talabijin, da taƙaitattun sunayen hukumominsu. Na Faransa kuma suna ɗauka cewa kowa ya haddace sunayen jihohinsu da ƙananan kogunansu da tatsuniyoyin Girkawa. Ɗalibin da ya tashi a Tawa ko Damagaram bai gaza a harshe ba don bai san cewa akwai wani ƙaramin kogi a arewacin Faransa mai suna Aa ba. A irin wannan hali buɗe ƙamus ko taswira ko intanet ba abin kunya ba ne, matambayi ba ya ɓata. Ina ma ganin wajibi ne, domin waɗannan gajerun kalmomi suna dawowa kullum. Masu gina allo suna bukatarsu don toshe kusurwoyi masu wuya, saboda yawan wasulansu ko saboda harufansu na yau da kullum ne. A Faransanci akwai RU, ƙaramin rafi, da ERS, wata ciyawar dabbobi, da ARA, wani irin aku, da IO ta tatsuniyar Girkawa. A Ingilishi akwai ERA da ALOE da OREO da EPEE. Wanda ya neme su sau ɗaya ya rubuta a bayan littafinsa ya huta.

Cijewa ta biyu ita ce irin tawa da Avions. Na san aikatau avoir tun ina makarantar firamare, na kuma san posséder. Babu abin da ya ɓace mini sai hanya. Karatun farko da na yi wa isharar ya kafe a kaina ya hana na biyu shigowa. Neman cikakkiyar amsa a nan asara ce, domin abin da ake biɗa a wasan shi ne wannan juyawar tunani, kuma wanda ya karɓi amsa ya sayar da ita ke nan. Taimakon da ya dace shi ne wanda zai girgiza karatun farko ya bar sauran aikin ga mai shi.

Matsalar ita ce daga ciki ba kullum ake gane wace iri ce ta kama mutum ba. Abin da na lura da shi, kuma ra'ayina ne kawai, shi ne cewa tsawon ishara yana ba da haske. Ishara mai tsawo da ta ambaci shekara ko wuri ko sunan mutum galibi sani take nema. Ishara gajera, kalma ɗaya ko biyu na yau da kullum, wadda ta yi kama da mai sauƙi amma ta ƙi shiga, kusan kullum tarko ce. Idan kalmar da kowa ya sani ce ta hana ka motsi, ka tambayi kanka tambayar malam: ajinta nawa, ma'anarta nawa, kuma ta yaya kuma za a iya furta ta?

Mataimaki na farko allon ne da kansa

Kafin a je ga mutum ko na'ura, akwai taimakon da ke cikin allon. A salon Amurka kowane farin gurbi yana cikin kalma biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, saboda haka kowane harafi yana da ƙofa biyu. Wanda ya tsaya a kan ishara ta farko yana jiran ta buɗe kafin ya ci gaba ya jawo wa kansa wahala. A bi dukan isharorin a cike waɗanda aka tabbatar, da fensir, sa'annan a dawo. Ko inda ba a san kalmar ba ana iya sanin wutsiyarta: S na jam'i, ED ko ING a Ingilishi, ENT ko AIT ko ER a Faransanci. A allunan Faransanci layin ƙasa da na gefen dama sun ƙunshi harufan da wasu kalmomi suka ƙare da su, shi ya sa suke cika da E da S da T da R. Wanda ya san haka zai yi tsammanin kalma irin RESSERREES a can, ba zai ɓata lokaci yana neman mai K ko W ba.

Tsarin sauti ma yana aiki. In gurbi na farko babu kowa, na biyu kuma R ne, na uku wasali, to ko dai wasali ne a farkon ko ɗaya daga cikin ƴan baƙaƙen da harshen ya yarda su gabaci R a farkon gaɓa, irin su B, C, D, F, G, P, T, V. An rage zaɓi da yawa ba tare da an buɗe littafi ba.

Akwai dalilin da ya sa harafi ɗaya yake da irin wannan ƙarfi. A 1966 Roger Brown da David McNeill sun yi gwaji a kan halin nan da mutum kan ce kalma tana bakinsa amma ta ƙi fitowa. Sun karanta wa ɗalibai ma'anonin kalmomin da ba a cika amfani da su ba, suka nemi su faɗi kalmomin, wanda in aka duba shi ne ainihin aikin mai warware gicciye. Sun tarar cewa wanda ke cikin wannan hali sau da yawa yana iya faɗin harafin farko da adadin gaɓoɓin kalmar da ta ƙi zuwa. Ma'ana da siffar sauti ba tare suke isowa ba ke nan, kuma ɗan guntun siffa yana iya jawo saura. Saboda haka in za ka roƙi wanda ya riga ya gama wasan, roƙe shi harafi ɗaya, ko ka tambaye shi ko kalmar da ka sa a wuri kaza daidai ce. Sau da yawa abin da ya toshe kusurwa gaba ɗaya kuskure ne guda da aka rubuta da gaba gaɗi, kamar AEROPLANES ɗina. Manhajojin wasan na yanzu sun raba waɗannan biyu: akwai maɓallin da ke duba ko harafi daidai ne, akwai wanda ke tona amsa. Na farkon ya fi kusa da abin da malam ya yi mini.

Sai kuma ajiye jaridar a tashi. Duk wanda ya daɗe a wasan ya san cewa isharar da ta gagara da hantsi takan buɗe da kanta bayan la'asar, domin karatun farko ya saki.

Na'ura da iyakarta

Neman amsa daga waje ba sabon abu ba ne. Tun kafin intanet ta yaɗu, New York Times ta riƙa buga lambar tarho ta kuɗi a gefen wasan, wadda mutum zai kira a karanta masa amsar isharar da ta dame shi. Akwai kuma ƙamusoshi na musamman da suke jera kalmomi bisa yawan harufansu. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne sauri da girman taska. A 1999 masu bincike a Jami'ar Duke sun fito da manhaja mai suna Proverb. Daga baya Matt Ginsberg ya gina Dr. Fill, wadda ta fara shiga gasar gicciyen kalmomi ta Amurka a 2012, gasar da Will Shortz ya kafa a 1978, shi da ya zama editan wasan New York Times tun 1993. A karon farko ta yi tuntuɓe a kan allunan da aka saɓa al'ada, irin wanda ake rubuta wasu amsoshi daga ƙarshe zuwa farko. A 2021, bayan an haɗa ta da aikin masu nazarin sarrafa harshe na Jami'ar Berkeley, ta fi kowane ɗan Adam maki a gasar.

Wannan ya nuna cewa amsa ta yi araha, ba za a rasa ta ba. Amma dubi wasan da aka buga ranar zaɓen shugaban Amurka, 5 ga Nuwamba 1996, wanda Jeremiah Farrell ya gina. Ishara ta tsakiya ta nemi babban labarin jaridar gobe, alhali ba a ƙidaya ƙuri'u ba. Gurabe bakwai na farko suna karɓar CLINTON, suna kuma karɓar BOBDOLE, domin kowace ishara ta tsaye da ta gitta su tana da amsa biyu. Wadda ta nemi wata baƙar dabba, alal misali, tana iya zama CAT ko BAT. Wanda aka miƙa masa amsa ɗaya ya cike allonsa daidai, amma bai ga wasan ba sam. Wannan ne ya sa nake ganin taimako mafi amfani ga mai koyo shi ne jaridar washegari. A ɗauki amsoshin da aka buga a koma kan isharorin da suka gagara ɗaya bayan ɗaya, kada a wuce ko guda sai an iya faɗin dalilin da ya sa amsar ta zama ita. Kowane mai ɗana wasa yana da halinsa, kuma masu bin Georges Perec, wanda ya riƙa gina wa mujallar Le Point wasa daga 1976 har rasuwarsa a 1982, ko masu bin Michel Laclos a Le Figaro, da haka suka koyi hannun kowannensu.

Da za a gwada da Hausa

Na tambayi kaina ko wannan harshen damo zai samu a Hausa, sai na ga rubutunmu na yau da kullum ya tanadi tarkon tun tuni, tun da ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali. A ce ishara ita ce Fara, gurabe 4. In aikatau ce, mai dogon wasalin farko da karin sama-ƙasa, amsa SOMA. In ƙwaron nan ne, mai karin ƙasa-sama, amsa tana iya zama BABE. Ga kuma fara ta uku, siffar tamata mai gajeren wasalin farko. Wannan daidai yake da Avions, har da daidaituwar tsawon amsoshin biyu. Haka Wuya za ta sa mutum ya yi ta laluben sassan jiki alhali WAHALA ake nema.

Abin da zai bukaci shawara shi ne allon. Faransawa suna zubar da alamomin kan wasali a cikin gurabe, É da È da E duk ɗaya ne a wurinsu. Mu ba za mu iya yin haka da ƙugiya ba, domin ƙ da ɗ da ɓ harufa ne masu zaman kansu, kuma kafa da ƙafa ba za su zauna a gurbi ɗaya ba. Sa'annan ga baƙaƙe masu goyo irin sh da ts: gurbi ɗaya za a ba su ko biyu? Mutanen Holan suna sa IJ a gurbi ɗaya, masu harshen Welsh ma haka suke yi da LL da DD. Ni na fi karkata ga gurbi ɗaya ga sh da ts, tun da kowannensu sauti guda yake wakilta, ko da yake hakan zai wahalar da mai gini wajen gicciye. Harafin ƴ da muke rubutawa a Nijar ya sauƙaƙa mana abin da zai dami maƙwabtanmu na Nijeriya masu rubuta shi da alama biyu.

Ga ishara guda da na ɗana wa masu karatu, gurabenta 4: ana miya da ita, ana rarrashi saboda shi. Wanda ya cije kada ya zo neman amsa wurina, abin da zan ce masa kawai shi ne ya dubi jinsin wakilan sunan nan biyu.